Sifirin kilo nawa ya dace da E46 da ake zuwa aiki da ita kuma ake shiga filin tsere?

Bazazzagi_a_Derby ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawarar waɗanda suka san aikin ƙafar mota nake nema, don na kai mako uku ina juya maganar nan a kaina, har uwargida ta fara tambayata ko lafiya.

Motar BMW 330i ce, E46, ƙirar 2003, mai ƙofa huɗu, giyar hannu. Ta ci mil 118,000. Ita kaɗai gare mu a gidan. Da ita nake bin A52 zuwa aiki Nottingham kwana biyar a mako, kujerar yarinyarmu tana ɗaure a baya kullum, kuma duk bayan wata biyu mukan hau M1 zuwa Landan wurin yayata. Bara ne wani abokin aikina ya ja ni filin tseren motoci na Donington Park, wanda bai fi minti 20 daga gidana ba, a irin ranakun da suke buɗe fili ga masu motocin gida. Tun daga ranar na kamu. Bana na je sau huɗu, kuma in aljihu ya yarda ina so in riƙa zuwa sau biyar ko shida a shekara.

Ga matsalar. Wanda na saya a hannunsa ya sa mata gajerun sifirin don ta zauna ƙasa, amma shokazoba na asali ya bari, kuma sun gaji. A Donington ɗin, a gangaren kwanonin Craner Curves ji nake kamar kwale-kwale nake tuƙawa, in na karya hagu sai na jira jikin motar ya gama kwantawa kafin in san inda za ta nufa. A kwanar Redgate kuwa gaba ne ke turawa waje, in ƙara murɗa sitiyari ta ƙi ji. Bayan zuwa na huɗu gefen waje na tayoyin gaba ya cinye tas, alhali cikinsu kamar sabo.

Na yanke shawarar sayen koyiloba, wato shokazoba masu zare a jiki da ake ɗaga mota ko a sauke ta, kuma mai sayarwa ya ce in zaɓi taurin sifirin da kaina. Abin da suka saba haɗawa shi ne kilo 8 a gaba, kilo 10 a baya. Akwai kuma 6 da 8 ga mai son laushi. Shi kuwa abokin nawa cewa ya yi kada in ɓata kuɗi, in sa 12 da 12 kamar yadda ya yi wa tsohuwar Honda Civic ɗinsa, wai tauri shi ne gudu.

Na biya an ɗora min ita a sikelin taya huɗu, ina zaune a ciki, mai rabin tanki: gaba kilo 790, baya kilo 770. Tayoyina na titi ne, Michelin Pilot Sport 4, 225/45 R17 duka huɗun, kuma ba ni da niyyar sayen na tsere nan kusa.

Wani abu kuma da ba zan ɓoye ba: surukata za ta zo daga Zariya a bazara, za ta yi wata uku, kuma tana fama da ciwon baya. Titin unguwarmu tudun rage gudu bakwai ne kafin a fita babban titi, na ƙirga. In motar ta koma amalanke, ni na san abin da zai biyo baya. To wanne zan ɗauka?

Malam_Injiniya ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka kyauta da ka auna motar, don yawancin masu irin tambayar nan ba sa kawo ko lamba ɗaya.

Ka fara cire 12 da 12 daga ranka. Abokinka bai yi ƙarya ba, motarsa ce ba irin taka ba. Lambar da aka buga a jikin sifirin tana faɗa maka kilo nawa za a ɗora masa ya lotsa milimita ɗaya ne kawai. Ba ta faɗa maka taurin da ke isa taya ba, kuma wannan ne bayan surukarka zai ji.

Tashi ka tura ƙofar ɗakinka daga bakin hannunta, sannan ka tura ta daga kusa da hinji. Haka sifirin yake. A gaban E46 sifirin yana kan shokazoba ne kusa da taya, in taya ta ɗaga milimita 100 shi zai lotsa kusan 95. A baya kuwa sifirin zaune yake shi kaɗai can ciki a kan hannun ƙafa na sama, taya ta ɗaga 100 shi bai fi 65 zai lotsa ba. Asarar sau biyu ake yi: bai lotsa da yawa ba, kuma ƙarfin da ya mayar sai ya ragu kafin ya kai bakin hannun. Shi ya sa ake ninka lambar da kanta. 0.95 sau 0.95 ya ba ka 0.90. 0.65 sau 0.65 ya ba ka 0.42. Ke nan sifirin kilo 10 a bayan motarka, kilo 4.2 taya ke gani. Civic irin ta abokinka, in ta shekarun 1990 ce, gabanta mai hannu biyu ne sama da ƙasa, rabonta wajen 0.7, saboda haka 12 ɗinsa kusan 6 ne a taya. Kai in ka sa 12 a gaba, 10.8 za ka samu. Kusan ninki biyu ke nan a kan lamba iri ɗaya.

Yanzu lissafin da ake kwatanta motoci da shi. Ka danna kusurwar mota ka saki, za ta yi lilo sama da ƙasa. Sau nawa take yin lilon a sakan ɗaya, shi ake rubutawa Hz. Motar gida tana tsakanin 1 da 1.5. Motar wasa da ake hawa titi 1.5 zuwa 2. Motar tsere marar fukafukai 2 zuwa 2.5. Masu fukafukan da iska ke dannewa su ke haura 3.

Hanya mafi sauƙi: kowace ƙafar gaba tana ɗauke da 395. Cire kamar kilo 45 na taya da ƙarfenta da birki da abin da ba a kan sifirin yake zaune ba, saura 350. Baya 385, saura 340. Raba wannan nauyi da taurin da ke isa taya, zai ba ka milimita nawa motar ke zama a kan sifirin ɗinta. Sai ka nemo tushen murabba'in lambar a kalkuletar wayarka, ka raba 15.8 da shi.

Na yi maka. Gaba kilo 6: motar za ta zauna milimita 65, lilo 1.96. Kilo 7: 2.12. Kilo 8: milimita 48, lilo 2.26. Kilo 12: milimita 32, lilo 2.77. A baya, kilo 8 ya ba da 1.57, kilo 10 ya ba da 1.76, kilo 12 ya ba da 1.92, kilo 13 ya ba da 2.0.

Dubi milimita 32 ɗin nan da kyau, don ita ce amsar masu cewa tauri shi ne gudu. Ma'anarta, in tayar ta faɗa wani kwari da ya wuce santimita uku cikin gudu, sifirin ya gama miƙewa, babu sauran abin da ke danna ta ƙasa. Tayar da ba ta dafe da kwalta ba ba ta juya mota, ba ta tsayar da ita. Ƙa'idar tudun rage gudu a Ingila ta yarda ya kai milimita 100. Ka yi wa kanka hisabin guda bakwai safe da yamma.

Sai maganar gaba da baya. Wani injiniya ɗan Ingila, Maurice Olley, da ya bar Rolls-Royce ya koma General Motors a Amurka, shi ya yi bincike a kan wannan a shekarun 1930. Tayar gaba ce ke fara hawa tudu, ta baya ta biyo. Tsakanin tayoyin motarka milimita 2,725 ne, a gudun mil 70 tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na sakan ba, amma ta isa ta sa motar ta riƙa sallama da kai kamar raƙumi. In lilon baya ya ɗan fi na gaba sauri, da kamar kashi 10 cikin 100, baya zai cim ma gaba, motar ta sauka a tare. Mutum ya fi jure motar da ke tashi ta sauka gaba ɗaya a kan wadda ke dukan goshi da ƙeya. To dubi 8 da 10 da mai sayarwa ya ba ka: 2.26 a gaba, 1.76 a baya. An juya abin ne gaba ɗaya. Kuma gaba mai tauri haka ƙara maka turawar da kake kuka da ita a Redgate zai yi.

Ni da tawa ce, 6 a gaba, 13 a baya. Za ka ga lambar baya ta ninka ta gaba ka tsorata, amma a taya 5.4 ne da 5.5.

In ka shiga shafukan Amurkawa za ka ga suna magana da laba a inci. Kilo 1 a milimita daidai yake da laba 56 a inci, wato 6 da 13 ɗin nan 336 da 728 ne a bakinsu. Kuma kada ka ɗauki 0.65 ɗina kamar saukakke. Cire sifirin baya, sa jak a ƙarƙashin ƙafar, ɗaga ta milimita 50 daga inda take zama, ka auna nawa mazaunin sifirin ya matso.

Usta_Panteka ya rubuta:

Salamu alaikum. Ni ban yi karatun Malam ba, lissafin nan ma sai da yarona ya danna min a waya. Amma shekarata 19 ina kwance a ƙarƙashin motocin Jamus a nan Kaduna, E46 kuwa ban san iyakar waɗanda na kwance wa ƙafa ba.

Alhaji, kafin ka kashe ko fam ɗaya a kan sifirin, ka sa a ɗaga motar nan a duba ƙarfen ƙasan but, wurin da gadon ƙafafun baya yake ɗaure da noti huɗu. Ciwon E46 ke nan. Wurin yana tsagewa, tsagar kamar gashi take farawa, sai an wanke an haska fitila ake ganinta. Mota mai mil dubu ɗari da wani abu da aka shiga fili da ita sau biyar, ni ban yarda da ita ba sai na gani da idona. In ka ƙara mata tauri a kan tsaga, dukan da sifirin ke shanyewa jikin motar zai koma. Akwai faranti da ake yi musamman ana walda su a wurin. Aikin yana da wahala don sai an sauke gadon duka, amma gara ka yi shi da sonka.

Na biyu, kan shokazoba na gaba, inda noti uku suke in ka buɗe bonet. Ɗora ruler a kai. In ya kumbura kamar an buga daga ƙasa, ramuka sun riga sun fara aikinsu, shi ma akwai farantin ƙarfafa shi. Na uku, robobi. Bushin na bayan hannun gaba da na dogon hannun baya, in sun mutu mota za ta riƙa yawo a kwana kai kana zagin sifirin. Rabin kwale-kwalen da kake ji zai iya zama daga nan ne da gajiyayyun shokazoba.

Kwanaki wani yaro cikin masu juya mota a fili ranar biki ya kawo min tasa. Ya sayo wasu koyiloba masu araha ta intanet, ya sauke ta har sigari ba ya shiga tsakanin taya da bodi. Ya ce min tauri ya yi yawa, in nemo masa sifirin mai laushi. Da na leƙa sai na ga ba a kan sifirin motar take zaune ba sam, a kan robar ƙarshen shokazoba take. Tafiyar ta ƙare tun tana tsaye. Na ɗaga ta yatsa biyu, ban canja komai ba, ya dawo yana ce min wane sifirin na sa. Saboda haka kai ma kada kwaɗayin kyan gani ya ja ka. Ɗaura siririyar igiyar roba irin ta ɗaure waya a sandar shokazoba, ka zaga, ka dawo ka ga inda ta tsaya. In kullum tana manne da robar sama, ko ka ɗaga motar ko ka ƙara tauri.

Na ji an ce gishiri kuke zubawa a titi da sanyi. To ka shafe zaren da girisi tun ranar ɗaurawa, in ba haka ba badi ko da guduma ba za ta juya ba. Allah ya ba Hajiya lafiya.

Ɗan_Damagaram_Koblenz ya rubuta:

Malam Injiniya, a gafarce ni, lissafinka daidai ne amma 13 ɗin nan ban yarda da ita ba, don na sa kwatankwacinta a 330Ci ɗina na cire bayan wata biyu.

A babban titi, gaskiya, ban taɓa jin daɗin motar kamar lokacin ba. Shimfiɗe take tafiya. Amma 330 ba M3 ba ce. M3 tana da difiranshal mai kulle tayoyin baya, tamu buɗaɗɗe ne, duk tayar da ta fi sauƙin juyawa ita yake ba wa ƙarfi. In ka taurara baya, a kwana nauyi zai tashi daga tayar ciki ya koma ta waje fiye da da. Ka fito daga matsattsiyar kwana a giya ta biyu ka taka mai, tayar ciki ta kama kuka tana hayaƙi, motar ba ta zuwa ko'ina. In DSC, na'urar da ke hana mota zamewa, a kunne yake sai fitila ta yi ta ƙiftawa yana yanke maka mai. Ranar ruwa kuwa, ɗuwawun motar ya riga ni shiga wani shataletale a nan garin, da gudun da bai kai 40 ba. Ɗan'uwanmu da yarinya yake yawo a baya, kuma Ingila ba a rasa ruwa.

Sannan akwai dalilin da ya sa masu haɗa wa BMW ƙafa suke taurara gaba, ba jahilci ba ne. Irin ƙafar gaban nan mai sanda ɗaya, in jiki ya kwanta, tayar waje ita ma binsa take ta kwanta a kan kafaɗarta. Cinyewar gefen taya da ya faɗa ke nan. Hana gaba kwantawa yana sa tayar ta tsaya a kan tafinta, shi ya sa a motocin nan wani lokaci ka ƙara taurin gaba turawa ta ragu maimakon ta ƙaru. Littafi ya ce kishiyar haka, amma na gani a tawa.

Sai dai akwai hanyar da ta fi sifirin araha wurin gyara wannan, wato kamba. Ka sayi koyiloba masu farantin sama da ake zamewa, a karkatar da kan tayoyin gaba ciki zuwa digiri 2.5. Da wannan kaɗai Redgate za ta zama wata kwana daban. Kuɗinsa shi ne cikin tayar zai riƙa ci a hanyar aiki, musamman in mai alaimen bai daidaita bakin tayoyin sun kalli gaba sak ba. In har yanzu jiki na kwantawa fiye da yadda kake so, ƙara kaurin sitabilaiza ta gaba, wato sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage kwantawa. Ita ba ta aiki in tayoyin biyu sun hau tudu tare, ka ga tudunka bakwai ba ruwansu da ita. A ramin da taya ɗaya ta faɗa ne za ka ji ta.

Ni awa ɗaya ke tsakanina da filin tseren Nürburgring, kuma can ne na daina bautar tauri. Kilomita 20.8 ne na hawa da gangara da faci, ga kankaren Karussell da ke girgiza haƙori. Motar da aka ɗaure tamau tsalle take yi daga tudu zuwa tudu, mai ɗan laushi da shokazoba na kirki ta wuce ta. Donington sumul ne in an kwatanta, amma ran da ka je Cadwell Park ko Castle Combe za ka tuna da maganata.

Tawa yanzu 7 da 11 take, da tayoyi masu ɗanko irin na fili. Kai da ke kan tayar titi, riƙonta bai kai ya kwantar da motar kamar tawa ba, 6 da 11 ya ishe ka. Kuma ka tabbata sifirin bayan a mazauninsa na asali za a sa. Akwai masu mayar da shi kan shokazoba, can kuma rabon kusan ɗaya ne, 11 a wurin sai ta karya maka baya, kuma kan shokazoban ba don ɗaukar nauyin mota aka yi shi ba.

Mu nan Jamus sai TÜV, masu duba lafiyar motoci, sun duba an shigar a takardun mota. Ku ba ku da wannan, amma ka gaya wa masu inshora ka canja ƙafa, kada ranar tsautsayi su ce ba su san zancen ba.

Bazazzagi_a_Derby ya rubuta:

Kai jama'a, Allah ya saka da alheri. Na auna jiya a gaban gida cikin yayyafi, maƙwabciyata tana leƙe ta taga. Taya 50, mazaunin sifirin tsakanin 32 da 33. Malam, lambarka ta fita.

Usta, bakinka da kaifi. An samu tsaga a mazaunin hagu na baya, tsawonta kamar rabin ɗan yatsa. Mai walda ya ba ni rana mako mai zuwa, kuma kuɗin ya cinye abin da na ware na sitabilaiza. Bushin ɗin gaba ma ɗaya ya yage.

Tambaya ta ƙarshe: mai sayarwa ya ce shokazoban an daidaita su ne don 8 da 10. In na sa 6 da 11 ko 6 da 13, babu matsala? Suna da maɓallin tauri mai danni 30.

Malam_Injiniya ya rubuta:

Ɗan Damagaram ya kama ni a maganar difiranshal, na yi lissafin jin daɗin zama na manta da fita kwana. Na sauko zuwa 12. Shi yana 11. Tazarar 1.92 da 1.84 ce, ba abin da za mu ɓata zumunci a kai ba.

Game da shokazoba: aikinsa kashe lilon da sifirin ya tayar. Ƙarfin da ake bukata ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da taurin sifirin, in ka ninka tauri biyu, kashi 41 cikin 100 kawai za ka ƙara masa. Shi ya sa aka saba cewa kilo 2 sama ko ƙasa ba sai an buɗe shi an sake daidaita cikinsa ba. 6 a gaba tana bakin iyaka, 11 a baya tana ciki, 12 ita ma tana bakin iyaka, 13 ta fita. Ga wani dalilin kuma na barin ta.

Maɓallin nan kada ka ɗauke shi abin ƙara taurin sifirin. Ba ya rage yawan kwantawar mota a doguwar kwana, saurin kwantawar kawai yake ragewa. A yawancin masu maɓalli ɗaya, dawowar sifirin ya fi riƙewa. In ka ƙulle shi ƙarshe, ka bi tudu uku a jere, sifirin bai gama miƙewa daga na farko ba na biyu ya zo, motar ta yi ta nutsewa har ta zauna a robar da Usta ya faɗa. Fara daga laushi. Nemi tudu ɗaya da ka sani, ka riƙa ƙara danni biyu biyu har motar ta hau ta sauka ta tsaya ba tare da lilo na biyu ba. Nan ne wurin titi. A fili ka ƙara uku ko huɗu, ka rubuta a takarda, kuma abu ɗaya za ka riƙa canjawa a kowace fita.

Ka tambaye shi faɗin cikin sifirin da tsawonsa. In na gama-gari ne, milimita 60 ko inci 2.25 ko 2.5, Eibach da Swift da wasunsu suna yin su kilo-kilo, canja na baya a E46 kuma aikin awa ɗaya ne. Ba aure za ka ɗaura da lambar ba.

Bazazzagi_a_Derby ya rubuta:

Na dawo da labari bayan wata huɗu, don na tsani in karanta zance a bar ni a rataye.

6 da 11 na sa. Na sauke ta milimita 25 kacal daga tsayin asali, wato ta ma fi yadda na saye ta tsayi, abokina mai Civic ya ce ta koma kamar motar liman. Kamba digiri 2.5 a gaba, sababbin bushin, an yi walda, inshora sun ƙara min wani abu a shekara. Maɓalli yana danni 9 daga laushi a gaba, 11 a baya. A fili ina ƙara huɗu.

Na je Donington sau biyu. Ba a yarda a riƙa ɗaukar lokaci a irin ranakun nan ba, saboda haka ba zan ce muku na rage sakan kaza ba. Abin da zan iya faɗa, a Craner yanzu ina juya sitiyari motar na amsawa, har na gane ashe tsoro ne ke sa ni ɗaga ƙafa a wurin, ba motar ba. Redgate ta daina turawa sai in na shigo da gudun hauka. Tayoyin gaba suna ci daidai daga gefe zuwa gefe. Igiyar Usta tana tsayawa kamar milimita 10 kafin roba a gaba, sau ɗaya ta taɓa, da na hau dakalin gefen hanya a kwanar Roberts. A nan Roberts ɗin kuma, in na fita a giya ta biyu, tayar ciki tana ɗan yin kuka, kaɗan dai. Da na sa 13 ban san yadda za ta kasance ba.

A titi ta fi ta asali tauri, ba zan yi ƙarya ba. Inda aka yi faci a A52 ana jin kowane gefe. Amma tsallen da take yi da gajerun sifirin ɗin nan ya tafi, a M1 kuwa akwai ɗan sallamar kai da Malam ya faɗa in an hau mahaɗar gada, shi ya sa nake tunanin gwada 12 a baya in an shiga bazara mai zuwa.

Hajiya ta zo, na ɗauko ta daga Heathrow. Na rage danni uku a kowace ƙafa kafin in tafi, na sa mata matashi a kujerar gaba. Ta yi barci tun daga Luton har muka bar M1. Tudun unguwarmu ne suka tashe ta, a na huɗu ta ce, "Wai su Turawan ma ba su gyara hanya ne?"

Usta, wane irin girisi kake nufi, na boris ko mai ruwan jan ƙarfe? An fara sanyi, kuma na ga motar zuba gishiri ta wuce jiya da dare.